Askin Ɗan Fari

Ni ba ɗan wanzamai ba ne, kuma duk wanda ya ga yadda na fara riƙe aska zai iya rantsewa da haka. A wata ruga kusa da Gwandu aka haife ni, cikin shanu na tashi, abin da hannuna ya sani shi ne sanda da igiya da cire wa maruƙa kaska. Aure ne ya kai ni ga aska. Wani rani muka gangara da shanu fadamar Kalgo, lokacin Nasara ba su daɗe da zama Birnin Kebbi ba, na ga wata yarinya mai tallan ƙosai. Na yi ta sayen ƙosai har cikina ya fara kai ƙarata. Ashe 'yar wanzamin unguwar ce. A gidanmu an yi gunaguni, mahaifiyata ta ɗaure fuska har ta gaji ta kwance, aka ɗaura aure, na tafi da matata Gwandu.

Da cikinta na fari ya tsufa, wajen ƙarshen damina, aka bi al'ada za ta koma gidan iyayenta ta haihu can. Na bar wa ƙannena shanu na rako ta. Niyyata in kai ta ƙofar gida, in durƙusa daga nesa in gaida surukina, in juya. Haka muke da shi tun da aka yi auren. Ban taɓa kallon fuskarsa ba. Da za a ce in nuna shi a kasuwa, sai dai in bi ƙafafun mutane, don na san babban yatsansa na dama mai tsagaggen farce fiye da yadda na san nawa. Ba na ci a gabansa, ba na sha, in na hango shi a hanya sai in faɗa gonar mutane har ya wuce.

Ranar bai bar ni na juya ba. Ya sa aka kira ni zaure, na tarar da mijin yayar matata a zaune. Masunci ne, ƙato, wanda ko raɗa zai yi maka sai ka ce da wani yake magana a tsallaken gulbi. Tsohon ya miƙo hannunsa na dama tsakaninmu. Hannu yana cikin abin da ya halatta in kalla, don haka na kalla, na ga yana rawa shi kaɗai.

Ya ce, "Kun ga hannun ga? Ya gama nashi aiki. Ƙaho da belu na bar ma abokina na Diggi shi ji da su, amma aski ban bari ba. Tun kakan kakana, ba a taɓa haihuwa gidan ga askar waje ta hau kan jinjiri ba. Ɗa namiji Allah bai ba ni ba, ku yab ba ni. Kahin yarinyar ga ta sauka, ɗayanku shi iya aski. In ba ku iya ba, ranar suna in kira na Diggi, in rataye zabira, in shige ɗaki."

Muryarsa ta karye a kan kalmar zabira, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Amma a ƙasan tausayin akwai wani daɗi da nake ji, don na san maganar ba ta shafe ni ba. Abin da ke cikin matata ɗan fari ne. Mu Fulani kuwa uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya ko nuna ya san an haife shi, ranar suna ma neman uban ake yi a rasa. Aikin masunci ne, ni ɗan rakiya ne kawai. Na saci kallonsa na ga ya fara gumi, na ji dariya tana taso mini, na danne ta da tari.

Ga ciwona, gara in faɗe shi tun yanzu. In kunya ta kama ni ko tsoro, dariya nake yi. Ba na son ta, ita ke so na. Na sha duka a kanta tun ina yaro, ba ta bar ni ba.

A bayan gida, gindin wata tsamiya, aka buɗe mana makaranta. Tsohon yana zama a tabarma ya ba mu gefe, don ya san in ya fuskance ni ba zan taɓuka komai ba. Da washi aka fara. A goga aska a dutse, a bi ta da fata, sannan a gwada kaifinta a gashin hannu. Muka yi ta gwaji har gashin hannuwanmu ya ƙare, muka koma ƙwauri, shi ma ya ƙare. Masunci ya ɗaga riga yana neman saura a ƙirji. Matanmu suna leƙe ta kafar zana suna ƙyalƙyala dariya, yayar matata tana cewa an ba ta miji da gashi, a mayar mata da shi yadda ta bayar.

Daga nan aka kai mu ga duma. Ɗanyen duma yana da wani gashi mai laushi a jikinsa, dokar kuwa ita ce ka kwashe gashin tas ba tare da fatar ta yi hawaye ba. Masunci ya matse duma tsakanin gwiwoyinsa ya hau kankara kamar ya samu kifin karfasa, ɓawo yana tashi, ruwa yana tsatsowa.

"Na bakin ruwa," in ji tsohon ba tare da ya waiwayo ba, "mutum kaka yi ma aski ko miya za a yi da shi?"

Da kunne yake gane aiki. Yakan ce askar kirki ba ta kuka. Ni kuma tawa matsalar daban ce. Ban iya taɓa abu mai rai ba tare da na yi masa magana ba, ga duman nan kuwa da ɗumin rana a jikinsa, sai in tsinci kaina ina lallashinsa da harshen da nake lallashin ɗan maraƙi in zan cire masa kaska a kunne. Ina yi masa ƙus-ƙus da Fillanci, ina tsotsar leɓe. Masunci ya ji, ya ajiye aska ya kwanta a ƙasa yana shure-shure, yana tambayata ko duman ya amsa gaisuwa. Ni ma in kama. Mu yi ta yi har numfashi ya ɗauke, mu tashi mu share hawaye, mu haɗa ido, mu koma. Tsohon ba ya ce mini komai, sai na ɗauka ya riga ya cire rai da ni, na ƙara sakin jiki.

Kafin mu bar matakin duma mun cinye wa surukata shukarta ta bayan ɗaki. Ta tsaya a kan tarin dumame masu tabo ta riƙe haɓa, ta ce bana sai dai a sha fura a tafin hannu.

Sai aka zo kan mutum. Mun nemi masu ba da kai a unguwa, ko da roƙo, ba mu samu ba. Labarinmu ya riga mu fita. Yara in sun gan mu tafe sai su dafe kai su watse. Dole muka koma wa juna. Na zauna, masunci ya jiƙa mini kai, ya ce bismilla da wata murya da ta sa na fara tuna zunubaina. Duk inda ya yanka sai ya manna auduga ya ce ba komai. Kafin ya gama, kaina ya zama gonar auduga ta isa ciro. Da na zo ramawa na yi niyyar mugunta, Allah ya sani, amma hannun ya ƙi, ya bi kan a hankali yadda ya saba bin kunnen maraƙi. Masunci har gyangyaɗi ya yi. Da ya farka ya shafa kansa, ya ce ai kan ne mai kyau, ko makaho ya aske shi.

Kwanakin nan ban taɓa jin daɗin zama irinsu ba. Ba shanu, ba tashin asuba don kiwo, ga tuwon surukai ana aiko mini ɗakin baƙi, ga abokin shashanci. Wani lokaci in na ga tsohon yana ɓoye hannunsa cikin riga don kada mu ga rawarsa, sai jikina ya yi sanyi, in ce wa masunci ya dage. Shi kuma ya dage da gaske, sai dai ƙarfinsa ya fi ƙarfin aikin.

Wata safiya, cikin matata ya riga ya sauko, tsohon ya zo gindin tsamiya ya zauna yana fuskantarmu, ya cire hula. Saura kaɗan in tsallake zana. Kan surukina, tsirara, da rana tsaka! Ya bar gashin ya taru da gangan. Ya ce yau shi ne duman, dama ta masunci, hagu tawa.

Masunci ya fara. Ni na kafa ido a inda na saba, wato ƙafafun tsohon, na ga yatsan nan mai tsagaggen farce yana naɗewa duk lokacin da aska ta ci nama. Ya naɗe ya fi a ƙirga. Aka manna auduga, aka miƙo mini aska.

Na durƙusa, na ɗebi ruwa na jiƙa, na ɗora tafina a kan surukina. Ji na yi kamar na dafa murhu. Abin da ya zo mini a dabara shi ne in kau da fuska, in kalli rumbu, in bar yatsu su yi gani. A tsakiyar kai da ƙeya abin ya tafi lami lafiya, aska ba ta ko tari. Amma Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, nawa zafin kuwa na daban ne, don gaban goshi yana nufin in zagayo in tsaya ido da ido da shi. Na zagayo, na ƙara murɗe wuya har yana ƙara, na samu wata kaza tana tono na zuba mata ido. Yatsu suka ce mini ga sauran gashi nan, na bi. Suka ce akwai ƙari a ƙasa, na bi. Ina ma yabon kaina a zuci, ina cewa gashin tsohon nan ya yi tsawo a wajen nan.

Masunci ya kurma wani ihu, kazar ta tashi sama. Na waiwaya ba shiri. Ranar na fara ganin fuskar surukina, kuma rabin gemu ne da ita. Na kwashe saje, na gangara na share gefen hagu fes har haɓa, farin gashi yana kwance a cinyarsa.

Na so in ce a yi mini gafara. Abin da ya fito daga bakina wani sauti ne irin na akuya, daga nan dariya ta kayar da ni. Ina birgima, ina hawaye, ina cewa a raina shi ke nan aure ya mutu, amma na kasa tsayawa. Masunci ya rungume tsamiya yana haki. Surukata ta leƙo ta saman zana ta yi salati, salatin ya rikiɗe mata a baki, ta durƙushe. Ina jin matata daga ciki tana cewa a rufa mata asiri kada a sa ta haihu yanzu.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya shafa kuncinsa a hankali, daga kunne har haɓa, ya duba yatsunsa. Ya sake shafawa ya sake dubawa. Sannan ya kamo wuyan hannuna.

"Dube ni."

"Baba, don Allah..."

"Dube ni, nac ce. Wanzami ba shi da suruki. Sarki ma mu ka kama kunnenai mu juya shi inda muka so. Tashi ka daidaita min ɗaya gehen, ba ni hita gari haka."

Na tashi, na dube shi. Ashe ƙaramar fuska gare shi, mai kirki, da idanu masu ruwa-ruwa. Duk shekarun nan wani zaki nake tsoro wanda ni na ƙera shi. Na kama haɓarsa da yatsu biyu na gyara abin da zai gyaru, gemun da ya rage bai fi na bunsuru ba. Da na gama ya ce, "Ka kwashe rabin huskata kana kallon kaza, ko ɗigon jini babu. In ka duba abin da kaka yi, ina ga sai ka hi ni. Kai za ka yi askin suna."

Dariya ta ɗauke kamar an hure fitila. Na ce, "Baba, ɗan fari na fa."

"Kai na za a kawo maka, ba ɗa ba. In ka aje zabira ka koma ma kunyarka, ba ni hana ka."

Masunci ya yi tsalle ya dire, ya ce alhamdu lillahi, kifi ko ka yanka shi ba daidai ba ba ya da dangin da za su zo bin kadi. A ranar ya koma kwalekwalensa ya bar ni da tsoro.

Ba a daɗe ba matata ta sauka, namiji. Da aka zo yi mini albishir na yi kamar da wani ake, na ci gaba da washin aska, amma dutsen sai gudu yake yi daga hannuna. Mahaifiyata ta iso daga Gwandu da dangi, da ƙoren nono da man shanu. Da ta ji wanda zai yi aski ta toshe baki da gefen mayafi ta ce, "Ɗana da zabira? Kuma bisa kan ɗan fari? Da wane ido za ni duba mutanen ruga?" Sai ta ga gemun surukina, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. A ranar na san inda na gado ciwona.

Safiyar suna, bayan an yi addu'a an yanka rago, na rataya zabirar tsohon na shiga cikin gida, wurin da ya kamata a ce ina can bayan gari a ɓoye. Mata sun cika tsakar gida. Ina shiga aka rangaɗa guɗa. Wata taubashiyata, 'yar kawuna da muke wasa tun muna yara, ta tare ni ta ce, "Sannu da zuwa, wanzami. Ko ka san uban yaron ga? An ce ya gudu don kunya."

Na ce, "Ban san shi ba, aiki niz zo yi."

Gida ya kaure. Na durƙusa gaban ungozoma, ta buɗe zane ta gyara jinjirin a cinyarta. Na tura tafin hagu ƙarƙashin kansa. Ko cikin dumamen surukata ba mu taɓa samun ƙarami kamarsa ba. Ga ɗumi, ga gashi baƙi mai laushi ya kwanta, ga maɗiga a tsakiyar kai, wurin nan da ƙashi bai haɗe ba, tana bugawa a hankali ina gani. Ya yamutsa fuska ya fara tsala kuka. Na ji dariyar nan ta tsiya tana tasowa daga cikina, aska kuwa tana hannuna a buɗe. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Tsohon yana zaune dab da ni, shi ke riƙe da ƙoƙon ruwa, rawar hannunsa tana fantsalo mini shi a gwiwa. Ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Yi mai abin da kaka yi ma duma."

Na yi. A gaban mahaifiyata da surukata da duk matan unguwa na sunkuya na hau yi wa ɗana ƙus-ƙus da harshen maruƙa. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, ya buɗe ido ɗaya kamar yana son ya ga wane ne. Dariyar ta koma inda ta fito. Na jiƙa, na ɗora aska, ta tafi shiru. Gashin yana sauka a faifai. Da na zo maɗiga na ɗauke numfashi, na bi gefenta, na haye ta kamar mai taka ƙwai, ban sake numfashin ba sai da na sauka ɗaya gefen. Tsakar gidan ta yi tsit, har ina jin tafasar tukunya a murhu.

Na ɗaga aska. Tsohon ya ajiye ƙoƙo, ya miƙa yatsansa mai rawa ya bi kan daga goshi har ƙeya, ya duba yatsan. Ya ce, "Askar gida ta." Ya share ido, ya ce hayaƙin murhu ya dame shi. A daidai nan jinjirin ya tsula mini fitsari a gaban riga, guɗa ta tashi, na saki dariyar da na riƙe, kowa ya taya ni. Farin ciki ya cika ni har ina jin jiri. Ban lura tafina yana nan ƙarƙashin kan ba sai da ungozoma ta ce, "Wanzami, an ƙare. Sakam muna kan ɗan mutane."

Na saki. Na fita na ajiye zabira, kunya ta dawo ta same ni inda ta bar ni. Da surukina muka koma gidan jiya, ni da ƙafafunsa, sai ranar askinsa kaɗai muke duban juna, mu yi hira mu yi dariya har a leƙo a ga ko lafiya. Kafin mu koma Gwandu ya ba ni zabirar, ita ce har yau a rataye a ɗakina.

Yaron kuwa ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, haka aka yi mini, haka na yi. Ƙannensa sun hau wuyana sun ja mini gemu, shi daga nesa yake gaishe ni. Amma tun yana rarrafe nakan leƙa in ce wa uwarsa, "A turo mini wancan, kansa ya yi gashi." Ta dubi kan, ta dube ni, ta ce, "Wane gashi? Na rannan ma bai tsiro ba." Sannan ta turo shi. Duk ƙasar Gwandu ba a yi yaron da ya sha aski kamarsa ba.

Yanzu furfura ta fara fito masa, yana da nasa gidan da nasa ɗan farin da yake kau da kai in ya gani. Har yau yakan zo, ya yi sallama, ya cire hula ya zauna a gabana, ko da gashin bai kai a kama ba. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Ina dai daɗewa wajen jiƙa kan.